Yadda sikila ta shanye ɓarin jikin 'yar Addata a Gombe, da awon da ya ceci ƙaninta

Yarinya ce 'yar shekara bakwai, SS, 'yar Addata da ke aure a Pantami nan cikin Gombe. Ni nas ce, ɓangaren manya nake aiki ba na yara ba, amma tunda abun nan ya faru na bi shi daki-daki, na yi tambaye-tambaye na karanta abun da zan iya, kuma da izinin iyayenta nake rubuta wannan, suna ne kawai ba zan faɗa ba. Abun da yasa na ga dole in rubuta, mutanenmu da yawa har da wasu ma'aikatan lafiya basu san cewa ƙaramin yaro mai sikila yana iya samun shanyewar ɓarin jiki irin wanda muka saba gani a tsofaffi masu hawan jini ba, ballantana su san akwai awon da ke nuna shi tun kafin ya iso.

Tun bata cika shekara ba aka gane, hannuwa da ƙafafu suka kumbura tana tsala ihu dare da rana, aka yi gwaji ya nuna SS. Uban AS uwar AS, auren gida ne kuma lokacin ba a matsa da gwajin kafin ɗaurin aure kamar yanzu ba. Daga nan sai rayuwar da duk mai ɗan sikila ya sani, folik asid kullum, Paludrine saboda maleriya, gidan sauro, a yi ta ɗura ruwa, rigar sanyi da safa in hunturu ya shigo, kwanciya asibiti in ciwon ƙashi ya tashi. Wallahi Adda bata yi sakaci ba, kilinik bata fashi sai in babu kuɗin Napep. Amma duk zuwan nan babu ranar da wani ya ce mata akwai awon kai da ya kamata a riƙa yi wa yarinyar duk shekara tun daga shekara 2.

Alamu sun zo, sai yanzu da aka zauna ana tuna baya aka haɗa su. Malamar islamiyya ta aiko cewa yarinyar ta ja baya, da ita ce mai saurin hadda, yanzu a biya mata aya a sake biyawa ta kasa riƙewa, aka ce wasa ne ya mata yawa. Ga ciwon kai da take yawan kuka da shi. Sai wata rana da yamma tana shan kunu kofin ya suɓuce daga hannunta na dama, ta ce hannun ya mutu, kafin a idar da magariba ya dawo daidai, aka ce ai danne shi ta yi. Wannan na ƙarshen shi ne babban gargaɗin, jini ne ya tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya wuce, kuma a yaro mai sikila emajensi ne ko da ya warware da kanshi. Ja bayan karatun ma ba banza ba, akwai ƙananan tabo da sikila ke yi a ƙwaƙwalwa shiru babu shanyewa babu komai, kusan ɗaya cikin uku na yaran SS suna da shi kafin su girma, a aji kawai ake ganin illarshi sai a kira yaro daƙiƙi.

Ranar da abun ya faru cikin hunturu ne, ta kwana biyu da zazzaɓi da gudawa bata cin abinci. Da asuba Adda ta tashe ta ta kasa tashi, hannu da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace, miyau na zuba, tana so ta ce Umma maganar ta ƙi fita. Kakarta ta wajen uba da muke kira Dada ta ce shafar iska ce, wata maƙwabciya ta ce shan inna ne. Aka kira malam ya yi tofi, aka shafa man zaitun da habbatus sauda, aka yi hayaƙi, aka karɓo allurar maleriya a kemis. Ni bana gari, sai washegari da dare Adda ta kira ni tana kuka, na ce Adda don girman Allah ku ɗauke ta yanzun nan ku tafi asibiti, addu'a a ci gaba da ita a hanya da bakin gado babu wanda zai hana. Ni ban ga laifin Dada ba, abun da ta tashi ta gani kenan kuma tofi bai cutar da kowa ba, awannin da suka tafi su ne asarar. Shan inna kuwa yawanci ƙafa yake kamawa ta yi laƙwas, baya zuwa da karkacewar baki da ɗaukewar magana a dare ɗaya haka, kuma ƙwayar ta asali tun 2016 rabon da a ganta a Najeriya.

A asibiti PCV ɗinta, wato awon yawan jini, 16 ne kacal, ga maleriya a jini. Aka sa mata oksijin da ruwa aka ce a nemo jini, nan ma wasu awannin suka tafi tunda iyayen duka AS ne kuma mai sikila jinin AA ake so a sa mishi, sai da wani abokin uban ya taso daga Kumo. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce yaro mai sikila da ya zo da irin wannan a fara mishi ƙarin jini cikin awa 2 da isowa, ba a tsaya jiran hoton kai ba, kuma mafi kyau a yi musanya, a cire nashi a sa wani har jinin sikilan ya sauka ƙasa da kashi 30. Ita ƙari kawai ta samu, shi ma bayan kusan kwana biyu da farawar abun. Hoton CT da aka yi daga baya ya nuna tabon a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa dama ta shanye magana ta tafi, don hagu ke juya dama kuma a yawancin mutane can cibiyar magana take.

Da aka sallame ta aka basu takarda zuwa Kano wajen likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yara. Uban ya so ya noƙe, ya ce shi 'yarshi ba taɓin hankali gare ta ba, sai da na zaunar da shi na ce Yaya wannan daban take da likitan masu taɓin hankali, ita aikinta farfaɗiya, yaran da suka sha wahala wajen haihuwa wuya ya ƙi tsayawa, waɗanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa suna jarirai, waɗanda sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai ta bar musu illa. Irin waɗannan likitocin basu da yawa a ƙasar nan kuma in ka duba hanyar zaka gane dalili, shekara 6 a jami'a, shekarar sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan shekara biyar zuwa shida ko fiye a ƙware a likitancin yara da jarabawoyi masu kayar da mutane, bayan duk wannan ne mutum zai keɓe kanshi ga ƙwaƙwalwa. Kafin ya gama furfura ta fara leƙowa, wasu kuma suna gamawa ƙasar waje ta ɗauke su.

Muka bi motar Gombe Line ta Dukku da Darazo, har da ƙaninta ɗan shekara biyar don babu wanda za a bar wa shi. Abun da ya burge ni da likitar nan, bata fara da na'ura ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai tsayin yarinyar, ta ce yi min murmushi, rufe ido gam, ɗaga hannu biyu mu ƙirga goma, ta nuna mata hotuna ta ce menene wannan, ta buga gwiwa da 'yar guduma, ta ja makulli a tafin ƙafa babban yatsan ya ɗaga sama a dama, ta sa ta taka tana kallon yadda take jan ƙafar, ta nemi izini ta ɗauki bidiyo a waya don ta gwada da zuwa na gaba. Ta sa Adda ta ba da labarin tun daga kofin kunun nan, bata katse ta ba. Ta faɗa musu gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu ba zai dawo ba amma ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon sabuwar hanya in aka dage da gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, kuma babban abun tsoro yanzu shi ne dawowar ciwon, don in ba a yi komai ba kusan biyu cikin uku yana sake dawo musu, yawanci cikin shekara biyu zuwa uku.

Sai ta juya ta kalli yaron da ke wasa da igiyar jakata ta ce, Hajiya wannan fa, menene jininshi? Adda ta ce shi ma SS ne likita amma shi Alhamdulillahi baya ciwo sosai. Ta ce an taɓa mishi TCD? Adda ta ce menene shi. Likitar ta ajiye biro ta ce, don Allah Hajiya kar ku koma Gombe sai an mishi.

TCD ɗin nan sikanin ne irin na masu ciki, sai dai a gefen kai ake ɗora shi, wajen da ƙashi bashi da kauri tsakanin ido da kunne. Babu allura babu zafi, yaro na kwance idonshi biyu, rabin awa ko ƙasa da haka an gama. Abun da yake aunawa saurin gudun jini ne a manyan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Jinin sikila yana ta gogar bangon jijiyar shekara da shekaru har bangon ya yi kauri hanyar ta tsuke, ga kuma ƙarancin jini da ke sa zuciya ta riƙa turowa da ƙarfi, toh kamar dai yadda in ka matse bakin tiyo ruwan ke fita da gudu, haka saurin ke ƙaruwa a wajen da ya tsuke. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya, 170 zuwa 199 a sa ido a maimaita, 200 zuwa sama haɗari. Na yaron nan ya haura 200 a ɓangare ɗaya, aka maimaita ya sake haurawa. Yaron da ake cewa baya ciwo. Adda ta zauna a benci ta kasa magana, ni kaina sai da ƙafata ta yi sanyi, don yaro irin wannan in aka bar shi haka, cikin kowane goma kusan ɗaya yake shanyewa duk shekara.

Wannan sanin ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka ƙarar da rayuwar aikinsu a kanshi, kuma ina so a san su. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Adams, shi ya jagoranci binciken STOP da ya fito a 1998. Yara 130 masu awo 200 zuwa sama, aka raba su biyu, rabi ana musu ƙarin jini duk wata rabi ana kula da su yadda aka saba. A waɗanda ba a ƙara wa ba 11 suka shanye, a waɗanda ake ƙara wa 1 kacal, har sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinshi don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran. Daga nan ya zama ƙa'ida a can, duk yaron SS daga shekara 2 zuwa 16 a mishi TCD duk shekara. Amma fa maganin nasu ledar jini ce duk wata, shekara da shekaru, da maganin cire ƙarfen da ke taruwa a jiki mai tsadar gaske. A ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila wajen 150,000 a shekara, kuma mai naƙuda ma sai an yi ta kiran 'yan uwa kafin a samu leda ɗaya, wa zai iya?

Nan ne aikin Farfesa IkeOluwa Lagunju ya shigo, likitar ƙwaƙwalwar yara ce a asibitin koyarwa na UCH Ibadan, tana cikin waɗanda suka fara yi wa yaran sikila TCD a kai a kai a ƙasar nan. Ta bi iyayen da aka ba shawarar ƙarin jinin wata-wata ta rubuta abun da ta gani a 2013, mafi yawansu basu karɓa ba, saboda kuɗi da wahalar samun jini da zaryar asibiti. Ni abun da nake girmamawa a aikinta kenan, bata tsaya tana cewa iyaye basu da haɗin kai ba, sai ta koma kan maganin da za a iya haɗiya a gida, haidroksiyuriya, ta kuma nuna cewa yaran da ke shan shi saurin jinin nasu yana sauka.

Sai kuma Kano, wanda shi ya fi kusa da mu. Likitocin asibitin Malam Aminu Kano irin su Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Shehu Umar Abdullahi, da Dakta Halima Bello-Manga a Kaduna, suka haɗa kai da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wajen Farfesa Michael DeBaun likitan jinin yara da Dakta Lori Jordan. Ita Jordan likitar ƙwaƙwalwar yara ce, a Johns Hopkins ta samu horo, aikinta kacokan a kan shanyewar jiki a yara yake, kuma tana cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar 2020 ɗin da na ambata. Suka fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN don a ga ko iyaye zasu yarda su kuma riƙe maganin, suka yarda suka riƙe. Sannan babban, SPRING, da ya fito a 2022: yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a Kano da Kaduna, duka awonsu ya kai 200, rabi aka basu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi 20. Uku suka shanye a rukunin farko, biyar a na biyu, wato babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, kuma duka biyun ƙasa da 2 cikin 100 a shekara, a maimakon wajen 10 da aka sani in ba magani. Masu shan 20 ɗin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Gudunmawar likitocin ƙwaƙwalwa a ciki ita ce ta fi ɗaukar hankalina, tunda ba kowane yaro za a yi wa hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba, sai aka horar da likitocin gida su duba jijiya bisa ma'auni ɗaya, in ana zargin shanyewa a ɗauki bidiyon dubawar su kalla su tantance. Kuma an koya wa waɗanda ba ƙwararrun hoto ba, har da nas-nas, yin TCD ɗin, gwamnatin Kano ta shigo da bayar da maganin kyauta ga yaran da awonsu ya hau. Yaranmu ne, Hausa suke ji, tuwo suke ci, sauro ɗaya ke cizonmu, babu mai cewa ai wannan binciken Turawa ne ba zai yi aiki a nan ba.

Aka ɗora yaran Adda su biyun a kan haidroksiyuriya, 20 a kowane kilo. Bamu daɗe da dawowa ba uban ya kira ni hankali a tashe, wai wani ya faɗa mishi maganin kansa ne kuma yana hana haihuwa. Ban ƙaryata shi ba don akwai gaskiya a ciki, asalinshi maganin wasu cututtukan jini ne masu alaƙa da kansa, amma a sikila aikinshi daban, yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda baya lanƙwashewa, shi ya sa ma jaririn SS baya fara ciwo sai ya yi wasu watanni. Yana iya rage ƙwayoyin jini shi ya sa ake gwaji lokaci-lokaci, yana iya rage ƙwayoyin haihuwa a namiji wanda sikilar kanta ma tana yi, mai ciki kuma bata sha. Na faɗa mishi an gwada shi a yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito 2019, ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, har maleriya da mutuwa suka ragu. Na ce Yaya ka dubi babbar ka dubi ƙaramin, ka zaɓa. Ya yi shiru ya ce a ci gaba.

Yaron, da aka maimaita awon bayan wasu watanni ya sauko ƙasa da 200, na baya-bayan nan ya ƙara sauka, yana zuwa makaranta yana ƙwallonshi. Ita kuwa maganarta daban, kuma ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Ga wanda ya riga ya shanye, ƙarin jinin wata-wata shi ya fi karewa, likitar ta faɗa musu haka ƙarara, sun gwada na ɗan lokaci abun ya fi ƙarfinsu, uban tela ne mai shago ɗaya. Haidroksiyuriya yana rage haɗarin dawowar sosai, an gwada wannan ma a Kano, amma baya kawar da shi. Tana tafiya yanzu tana ɗan jan ƙafa, magana ta dawo sai dai in ta gaji kalmomi na ɓace mata, hannun dama yatsun basu buɗewa sosai don haka ta koma rubutu da hagu, sai da Adda ta je ta roƙi malamai kar a dake ta a kan haka, cin abinci ma Dada da kanta ta ce a ƙyale ta lalura ce. An maida ta aji ɗaya baya. Gashin ƙashin kuma ana zuwa asibiti in da hali, sauran a gida, matsa ƙwallon roba, tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti, ɓalle maɓallin riga.

Abun da ke ci min rai, tazarar da ke tsakanin yaran nan biyu awon rabin awa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya jini ɗaya, ita ba a mata ba shi an mishi, shi ɗin ma don ya biyo mu ne babu mai riƙe shi a gida. Na'urar TCD ba MRI ba ce, ana ɗaukarta a hannu, kuma tunda an nuna nas zata iya koya, ban ga abun da zai hana a ce duk kilinik ɗin sikila a Gombe da Kaltungo da Bajoga, da Bauchi da Azare, akwai ranar awon kai ko sau ɗaya a wata ba. Ni dai na fara tambayar duk mai ɗan SS da na haɗu da ita ko an taɓa mishi, in ta ce a'a in ce ta tambayi likitansu da sunan awon, TCD, ta kuma tambayi inda ake yi mafi kusa. Sannan in hannu ya mutu ko baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya dawo, asibiti a ranar, a faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa mai sikila ne.

Adda ta sake haihuwa watannin baya, wannan karon ba a jira kumburin hannu ba aka yi wa jaririyar gwaji, AS ce. Su biyun kuma an sake auna nauyinsu an ƙara musu yawan maganin tunda da kilo yake tafiya, kuma yaron yana da wani awon a Kano bayan sallah, uban ya shiga adashi saboda kuɗin mota.